Zaren da Ba Shi da Baki

Yayata ba ta magana in tana aiki. Shi ya sa mutane da yawa suke cewa tana da girman kai, alhali ba ta da shi. Ni ce mai girman kan gidanmu, kowa ya sani, ni ma ban taɓa musu ba. Ita dai shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a tana aiki da abin da ko tururin baki yana iya lalata shi, har shirun ya bi jikinta. Ko albasa take yankawa a gida, in ka yi mata magana sai ta ajiye wuƙar tukuna ta amsa maka.

A wurin aiki Uwar Ƙanƙara suke kiran ta, don ba a ganin ta a baranda sai da bokitin ƙanƙara a hannu, 'yan kwalaben roba a soke a ciki. Mijinta, wanda ya tuƙa motar asibiti har ya yi ritaya, yakan ce shi bai taɓa ganin tafin hannun matarsa ba sai ranar hutu, sauran ranaku safar hannu yake aure. Tana jin sa, ba ta tanka masa.

Babanmu mai gyaran agogo ne. Ita ta gaji hannunsa, ni na gaji bakinsa, kuma da an ba ni zaɓi da na yi musaya. Tun tana 'yar shekara tara take zama gefensa tana riƙe masa 'yan kusoshin da ni ko ganin su ba na yi. Likita ta so zama, ba ta samu gurbi ba. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta je jami'ar ta karɓi aikin wankin kwalabe. Daga bakin famfo ta riƙa leƙen abin da ake yi a tebur, ta shiga karatun yamma, ta samu takardar shaida, aka ba ta tebur nata a kusa da taga. A kan teburin nan ɗalibai suka yi ta zuwa suna zama daktoci suna wucewa, da yawansu da hannunta suka haye. Ni kuwa na kama ɗinki, ina da shago da kekuna biyu, kuma ba na raina sana'ata.

Na taɓa tambayar ta abin da take yi a ɗakin nan tun safe har yamma. Ta dubi littafin awona da ke kan tebur, ta ce, "Wannan yana fita daga shagon nan?"

Na ce, "Wa zai fitar min da shi? Awon mutane na shekara goma ne a ciki."

"To in za ki tura aiki wurin mai aikin wuya fa?"

"Sai in kwafa masa a 'yar takarda."

Ta ce to haka jikin mutum yake. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai babban littafi da ba ya fita. In jiki yana son ƙera wani abu, sai a kwafo shafin a kan wani siririn zare na haruffa a aika da shi. Zaren nan shi ake kira RNA. Yana da kai, yana da wutsiya, kuma ba ya daɗewa, da ya isar da saƙo sai a kama bakinsa a warware shi. Aikinta shi ne ta ciro zaren daga jini kafin ya lalace. Ta ce a fatar hannunmu da yawunmu akwai wani sinadari mai datsa shi ta ko'ina kamar almakashi, shi ne dalilin safar hannu da ƙanƙara da rufe baki. Tun daga ranar na daina yi mata gorin shiru, sai in na manta.

Shugaban ɗakin Farfesa ne, dogo, mai saurin magana, mai waya biyu. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya ko da ba na so. Ciwon hanta yake bincike a kai, yana neman wata alama a jini da za ta nuna ciwon tun kafin ya ci mutum. Daga ƙananan asibitoci masu nisa ake kawo musu jinin, bayan ya sha zafin mota awa biyar ko shida, rabinsa ya riga ya lalace kafin ya iso hannun Yaya. In ta gama aikinta sai ta zuba a wani farin abu kamar daskararren sitaci, a saka a ƙarƙashin fitila a ɗan ɗakin duhu, kowane zare ya fito a matsayin layi mai haske. Layi ɗaya suke nema, sun san inda yake tsayawa.

A shekarar da Yaya ta fara sa tabarau, sai ga layi na biyu ya fito a saman wanda ake nema.

Ta sake gwajin, ya sake fitowa. Suka yanko shi suka aika a karanta haruffansa, amsa ta dawo a birkice. Haruffan na saƙon da suka sani ne, amma ƙarshensa ya zo, sai farkonsa ya biyo baya a manne, wutsiya a gaban kai. Farfesa ya duba takardar a tsaye, waya a kunne, ya ce an gauraya kwalabe. Ya jawo littafin aikin Yaya, ya rubuta da jan biro a gefen shafin: Kuskuren ma'aikaciya. A sake.

Littafin nan sai na yi bayaninsa, don a kansa maganar take. Kowane ma'aikaci yana da nasa, yana rubuta abin da ya yi kullum, da rana da awa. Ba a yaga shafi, ba a gogewa. Kuma ba naka ba ne, na ɗakin ne, in ka bar aiki a nan za ka bar shi a kan kanta. Yaya ta cika goma sha takwas, tana kan na goma sha tara, kafin wannan babu jan biro ko a ɗaya. Ta taɓa ce min wanda zai buɗe littafinka bayan shekara ashirin bai san fuskarka ba, abin da aka rubuta kawai zai sani.

Ta sake, kamar yadda aka ce. Ta zubar da ruwan da take amfani da shi ta haɗa sabo. Ta buɗe sababbin kwalabe, ta goge teburin har fentinsa ya fara tashi, ta jefar da farar rigarta ta shekara shida don ko ita ce. Layin ya fito. Abin da ya fi ɗaure mata kai, ko a jinin da zafin mota ya kashe, wanda layin da ake nema ya dushe har ba a ganin sa, shi wannan yana nan daram. Ta kai wa Farfesa wannan a matsayin hujja, ya juya mata ita.

"Malama, kin kawo shaida a kan kanki. Abin da ya fito a jinin da ya lalace ai ba daga jinin ya zo ba. Daga teburinki ya zo."

Ya sake rubutawa da jan biro. A karo na uku ya ƙara kalma uku: A duba idonta. Bayan mako guda takarda ta zo daga ofis, cewa daga ɗaya ga wata mai kamawa an mayar da ita sito. Ba kora ba ce, albashinta yana nan. Za ta zauna a bayan taga tana miƙa wa ɗalibai safar hannu da kwalabe, teburinta kuma a ba wani.

Mijinta ne ya gaya min, ita ba ta faɗa ba. Na tashi zan ja gyale in je in samu Farfesan nan in gaya masa abin da uwarsa ta manta ba ta gaya masa ba. Mijin ya tare ƙofa ya ce, "Ƙanwata, in kika je, ni za a kora daga gida." Na zauna ina huci. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro, don ni ma na ga yadda take nisanta takarda da fuskarta in za ta karanta. Na ce a raina, in fa gaskiya ne idon ne?

Ita ma ta yi wannan tunanin, don ta je wurin likitan ido da ƙafarta. Ya ce da tabarau tana gani fiye da shi. Ta karɓi takardar ta ninke ta saka a jaka, ba ta nuna wa kowa ba. Ta ce takardar likita ba za ta goge layi ba, kuma ba za ta bayyana shi ba. Sau goma sha ɗaya ta yi gwajin nan a cikin mako uku, tana canza abu ɗaya kowane karo, tana rubutawa. Ta rame. Mijin ya ce ko shayi ya miƙa mata sai ta ɗaga kofin tana duba shi a haske.

Saura kwana tara wata ya ƙare ta shigo shagona ranar Asabar da la'asar, wai in auna ta in ɗinka mata sabuwar farar riga.

Na ce, "Rigar zaman sito?"

Ta ce, "Rigar aiki."

Ta zauna a kan benci, ta fito da wata doguwar takarda mai haruffa, ta shimfiɗa a kan yadin mutane. Ta yi mata layi da fensir a daidai inda wutsiya ta haɗu da kai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Auta, na rasa bakin zaren."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, ko lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Don in ɓoye abin da na ji sai na koma wa bakina. Na ce, "Yaya, ke da kike da takardar shaida? Zare ai ba ya rasa baki. Komai cukurkuɗewarsa baki biyu gare shi, tambayi tela. Tashi in auna ki."

Ina da wata ɗabi'a. Tef ɗin awona ya sha ɓacewa, masu kawo ɗinki su ɗauka su auna kansu su tafi da shi a jaka, don haka nake haɗe bakinsa biyu da fil in rataya a wuya kamar sarƙa. Na kai hannu zan cire fil ɗin, sai Yaya ta damƙe tef ɗin a ƙirjina, ta jawo ni har na kusa faɗa mata.

"Kar ki cire. Karanta min daga nan."

"Yaya, za ki shaƙe ni."

"Karanta."

"Hamsin da takwas, hamsin da tara, sittin, ɗaya, biyu, uku."

"Bayan sittin me ya zo?"

"Ɗaya."

"Wa ya yi kuskure?"

"Ba wanda ya yi kuskure, haɗe shi na yi."

Ta saki wuyana, ta ɗauki takardarta, ta lanƙwasa ta har bakin nan ya taɓa wancan. Ta riƙe ta a haka tana juyawa. Ta ce, "Ba rasa shi na yi ba. Babu shi ne." Ta zare tef ɗin ta kaina, da fil ɗinsa, ta saka a jaka ta fita. Ko awon ba a yi ba, da ido na yanka rigar.

Ranar Litinin ta samu ɗalibar Farfesa, wadda aikin digirinta ya tsaya cak saboda layin nan, ta ce ta bincika mata ko an taɓa ganin zaren RNA da ya haɗe kansa ya zama zobe. Ɗalibar ta dawo da takardu kafin azahar. Ashe an daɗe da gani. Shekaru masu yawa da suka wuce wasu sun ci karo da irin waɗannan zobba, aka ce tuntuɓen ƙwayar halitta ne, shara ce, aka watsar. Sai a 'yan shekarun nan ne aka dawo ana cewa ba shara ba ce, suna da yawa, jiki da gangan yake ƙera wasunsu. Kuma da yake ba su da bakin da za a kama a warware, sun fi miƙaƙƙen zare daɗewa nesa ba kusa ba. Yaya ta ce da ta ji wurin nan sai ta tuna jinin da ya sha zafin mota.

Akwai kuma hanyar ganewa. Wani sinadari ne da ake saye, shi ba ya datsawa ta tsakiya, daga baki kawai yake ci. In aka zuba shi, duk miƙaƙƙen zare zai cinye, zobe kuwa ya bar shi. Su ba su da shi. Yaya ta bi ɗakunan benen ɗaya bayan ɗaya da bokitinta, ita da ba ta roƙon ko gishiri a maƙwabta, har ta samu ragowar wani a firizar hawa na uku. Ɗan kaɗan ne a gindin kwalba, na gwaji biyu.

Ta shiga ofishin Farfesa ta ajiye masa takardun, ta ajiye tef ɗina a kai. Ɗalibar ce ta ba ni labarin, don Yaya ba ta iya ba da labari ba. Ta ce Farfesa ya ɗaga tef ɗin da yatsa biyu ya ce, "Wannan kuma fa?" Yaya ta ce ya karanta daga hamsin da takwas. Ya karanta, ya ce ya san da zancen zobban nan, ya taɓa ji a wani taro, amma ba kowane datti ne zobe ba. Ya ce a gwada, amma da sharaɗi. Tunda hannunta ake tuhuma, shi zai yi da hannunsa.

Mutumin nan rabonsa da riƙe abin zuƙar ruwan gwaji shekara goma sha biyar. Ya sa safar hannu, ya amsa waya da ita, ya sosa gemu da ita, yana aiki yana yi wa ɗalibar lacca a kan buɗaɗɗun kwalabe. Yaya tana tsaye a bayansa, hannunta a baya, ɗalibar ta ce ta ga tana cizon leɓe. Da aka shiga ɗakin duhu, babu layi ko ɗaya, sai wani dusu-dusu.

Farfesa ya ce, "Kin gani? Ya ɓace. Ba zobe ba ne."

Yaya ta nuna masa gefen hagu ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan kwalbar ba a zuba mata komai ba. Ita ma ta ɓace."

Almakashin hannu ne ya datse komai, har zoben, don shi ba ruwansa da baki. Da ni ce a wurin, wallahi da na miƙa masa jan biro in ce ga wuri. Laifi tudu ne. Yaya kuwa sai ta ce, "Ya rage na gwaji ɗaya. Ka rubuta wa kwalaben lamba ba tare da na gani ba, ka riƙe takardar a aljihunka. Ni zan yi aikin." Ya yarda.

Ranar Alhamis aka yi, saura kwana huɗu wata ya ƙare. A ranar na gama rigar, na kai mata da kaina da hantsi, kuma ba rigar ce ta kai ni ba. Mai gadi ya san ni, ya bar ni na hau. Na tsaya a bayan gilashin ƙofa ina kallo. Karo na farko ke nan da na ga Yaya tana aikinta. Kwalabe shida a cikin ƙanƙara, kowace da lambar da ba ta san ma'anarta ba. Tana ɗiga abin da ido ba ya gani, ta rufe, ta mayar, ta ɗauki ta gaba. Ba ta gaggawa, ba ta tsayawa. Hannun Baba sak, har yadda take tokare ɗan yatsanta a tebur. Ɗalibar ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ta ɗaga mata gira, ta rufe. Na ji ƙwalla ta taho min, na ce a raina ke Auta, a barandar mutane?

Na zauna a benci har bayan la'asar. Da lokaci ya yi Farfesa ya zo, ya gan ni da riga a leda, ya ce wace ce. Yaya ta ce, "Ƙanwata ce, mai tef ɗin." Ya ce to ta shigo. Muka cusa kanmu mu huɗu a ɗakin da bai fi banɗaki ba, aka ba ni wani gilashi na rufe fuska, aka kunna fitilar.

Ni ban san karatun abin ba, amma ina iya ƙirga. Gurbi shida. Uku suna da layi biyu-biyu. Uku kuwa na ƙasan ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba, na saman yana nan yana haske. Farfesa ya laluba aljihu ya fito da takardarsa, ya kara ta a hasken, yana duba lamba yana duba gurbi. Ukun da aka zuba wa sinadarin su ne ukun da layin Yaya ya tsaya shi kaɗai.

Ya ce, "Zobe ne."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Muka fito haske yana ta zuba, yana zagaya tebur. Alamar da ba ta mutuwa a mota, ya ce, ita ce abin da yake nema shekara takwas bai sani ba. In har zoben nan yana ƙaruwa ko raguwa a jinin masu ciwon, ƙaramin asibiti zai iya ɗibar jini ya aiko ba tare da firiza ba. Ya ce wasu zobban suna tsotse ƙananan zaruruwa kamar soso su hana su aiki, sai an duba ko wannan ma haka yake. Ya ce akwai masu tunanin ƙera zobe da gangan, a rubuta saƙon magani ko na rigakafi a kai, don ya daɗe a jiki yana aiki maimakon ya narke a kwana ɗaya. Har yau da nake wannan rubutu suna kan binciken, Yaya ta ce irin wannan abu ba a yi masa gaggawa, kuma ba kowane zobe ne zai zama magani ba. Amma a ranar Farfesa har ya fara lissafa wa ɗalibar babin digirinta. Ya ce maganar sito a manta da ita, zai kira ofis. Ya ɗauki wayoyinsa zai fita.

Na lura bai ce yi haƙuri ba. Na cika baki da magana, Yaya ta taka min ƙafa.

Ta jawo littafinta na goma sha tara, ta buɗe a shafin farko da ta saka wa alama, ta ajiye jan biro a tsakiya. Nata biron ne, sabo, ashe tun Litinin ta saya.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara."

Ya dubi shafin, ya yi 'yar dariya. "Malama, ai magana ta wuce."

"A baki ta wuce. A littafi tana nan."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. Farfesa ya ajiye wayoyin, ya jawo kujerar Yaya ya zauna. Ya ja layi ɗaya a kan rubutunsa, yadda ake yi, don a ga abin da aka soke, ya sa hannu da kwanan wata. Yaya ta buɗe masa shafi na biyu, ya yi haka. Ta buɗe na uku. Ya karanta abin da ya rubuta game da idonta, na ga kunnensa ya yi duhu. Ya soke, sannan ya yi rubutu a ƙasa, a hankali, ya juya mata littafin.

Na leƙa ta kafaɗarta. Ya rubuta: Ba kuskure ba ne. RNA mai zobe ne, ita ta fara ganin sa, ita ta gane shi. Kuskuren nawa ne.

Yaya ta gyara tabarau ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ta rufe littafin ta mayar da shi kan kanta a jerin 'yan'uwansa. Ta karɓi rigar a hannuna ta saka, hannun ya ɗan yi mata tsawo, ta naɗe shi sau ɗaya, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Na ce a ba ni tef ɗina. Ta nuna min ƙusa a saman teburin, yana rataye da fil ɗinsa, ta ce in sayi wani. A nan ya zauna shekara shida har ta yi ritaya a kan teburin nan, a nan kuma ta bar shi.

A ranar dai, ta rako ni baranda. Da muka wuce kwanar da ba a hango mu daga ɗakin, sai ta tsaya ta cire safar hannu, ta kama hannuna da nata tsirara. Sanyi ƙalau, kuma rawa yake yi, hannun da tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya yi rawa ba. Na riƙe shi da nawa biyu. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata. Muka tsaya a haka har ya lafa.

Sannan ta zare hannunta, ta ciro sabuwar safa daga aljihun rigar, ta ce, "Je ki, Auta. Akwai jini shida da suka iso da safe."